Bakkale: Tarihin Zazzaɓin da Ke Biyo Ƙwaryar Nono

Duk makiyayin da ya daɗe da sanda a kafaɗa, a rugagen da ke kewaye da duwatsun Roni ko a filayen Babura, ya san wata lalura ta shanu da Fulani ke kira bakkale. Saniya za ta ɗauki ciki lafiya lau, sai ta kai wata shida ko bakwai ta zubar da shi. Mabiyiya ta maƙale ta ƙi faɗowa, nono ya ragu, wani lokaci kuma gwiwar dabbar ta kumbura ta tara ruwa. Saniyar ba ta mutuwa. Tana ci gaba da kiwonta, galibi ma a ciki na gaba ta haihu ƙalau, shi ya sa mai garke yakan ɗauki abin a matsayin asarar maraƙi ɗaya, ya yi haƙuri ya wuce. Abin da bai cika faɗo masa a rai ba shi ne, ƙwayar cutar da ta zubar da cikin saniyar ita ce kan shiga jikin mutum ta haifar masa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa na tsawon watanni, ana ta yi masa maganin taifot ba a ganin sauƙi. Sunan cutar a asibiti buruselosis, ƙwayar bakteriyar da ke kawo ta kuma Brucella.

Wannan magana ta shafi mutanen ƙasar Kazaure kai tsaye. Tun daga lokacin da Ɗan Tunku ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, noma da kiwo tare suke tafiya a nan. Da wuya ka shiga gida a Gwiwa ko Roni ba ka tarar da akuya ko tunkiya a turke ba, kuma yawancinsu na mata ne, su ke ba su dusa, su ke tsayawa a kansu idan haihuwa ta zo. Fura da nono abincin rana ne na manomi da ɗan kasuwa. Dabbobi kuwa kullum a kan hanya suke, daga Nijar zuwa Maigatari, daga Dambatta zuwa ƙauyuka, daga wannan garke zuwa wancan. Saboda haka labarin yadda aka gano wannan cuta, ko da yake a wata duniya mai nisa ya faru, kusan kowane ɓangarensa yana da kwatankwaci a gidajenmu.

Malta tsibiri ne ɗan ƙarami a tsakiyar Bahar Rum, tsakanin Italiya da Libiya. A ƙarni na 19 yana hannun Ingila, kuma babban sansani ne na sojojinta da jiragen ruwanta na yaƙi. Shekara da shekaru wani zazzaɓi yana kwantar da sojojin nan. Mutum zai yi mako biyu ko uku jikinsa na zafi, ya ji kamar ya warke, sai abin ya dawo, ga gumi da dare, ga ciwon gaɓoɓi, har ya rame a sallame shi ya koma gida. An ɗora laifin a kan warin tashar jiragen ruwa, an ɗora a kan magudanan ƙazanta, an ɗora a kan zafin bazara. A 1861 wani likitan soja mai suna Jeffery Marston, wanda shi kansa ya yi jinyar cutar, ya rubuta bayanin da ya bambanta ta da taifot. Mai karatu ya lura da wannan: rikita cutar da taifot ba yau aka fara ba, da shi tarihinta ya buɗe.

A 1887 wani likitan sojan, David Bruce, ya ciro ƙwayar cutar daga saifar sojojin da suka mutu, ya raya ta a ɗakin gwaje-gwaje, ya sa wa birai suka kamu. Wannan Bruce ɗin dai shi ne daga baya ya je ƙasar Zulu a kudancin Afirka ya nuna cewa ƙudan tsando ne ke ɗauko ƙwayar sammore ya sa wa shanu, don haka makiyayanmu sun ci moriyar aikinsa ta fuska biyu ba tare da sun san sunansa ba. Sai dai sanin ɓarawo daban, sanin ƙofar da yake shigowa daban. Shekara goma sha takwas aka ƙara ana neman wannan ƙofa. An tuhumi sauro, an tuhumi ƙura, an tuhumi ruwan sha.

Wanda ya gano ta ɗan tsibirin ne, likita Themistocles Zammit, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin binciken da aka kafa a 1904 ƙarƙashin Bruce. Da ɗan gari akan ci gari. A watan Yuni na 1905 ya gwada jinin wasu awaki shida, sai ya tarar biyar suna ɗauke da alamar cutar, alhali ga su nan garau suna tuƙa. Da aka faɗaɗa binciken, aka ga kusan rabin awakin tsibirin sun taɓa kamuwa, kuma kimanin ɗaya cikin goma tana fitar da ƙwayar a cikin nononta. A Malta ta wancan zamani, makiyayi yakan koro awakinsa cikin gari gida gida, ya tatsa a ƙofar mai saye, a gaban idonsa. Mutane suna alfahari da wannan, don sun tabbata ba a surka musu da ruwa ba. A asibitin soja ma wannan madarar ake ba masu zazzaɓi su sha don su sami ƙarfi.

A shekarar nan ta 1905 wani abu ya faru da ya rufe bakin masu shakka. Gwamnatin Amurka ta sayi awakin Malta sittin da 'yan kai don inganta irin nata, aka loda su a wani jirgin ruwa mai suna Joshua Nicholson. Ma'aikatan jirgin suka samu madara a ɓagas, suka yi ta sha ɗanya. Cikin 'yan makonni yawancin waɗanda suka sha suka kwanta. Awakin da suka isa Amurka ba a bar su sun shiga garke ba, daga ƙarshe hallaka su aka yi. A 1906 aka hana sojojin Ingila da ke Malta shan madarar akuya, aka koma ta gwangwani, kuma a cikin shekara guda ko biyu masu kamuwa suka sauko daga ɗaruruwa a shekara zuwa 'yan ƙalilan.

Da a nan labarin ya ƙare da sai a ce ilimi ya yi nasara. Amma soja umarni ake ba shi, farar hula kuwa sai an shawo kansa. Mutanen Malta ba su yarda akuyar da suke gani da ƙoshin lafiya za ta cuce su ba, masu kiwo suka ga ana neman toshe musu hanyar abinci, da yawa kuma suka ce tafasawa tana ɓata ɗanɗano. Sai a 1938 aka fara sayar da madarar da aka dafa a masana'anta, kuma har a tsakiyar shekarun 1990 cutar ta sake ɓarkewa ta hanyar cukun da aka yi da ɗanyar madara. Kusan shekara ɗari cif bayan binciken Zammit tsibirin ya rabu da ita. A ganina wannan ne ɓangaren tarihin da ya fi kamata ma'aikatan lafiyarmu su riƙe, domin duk faɗakarwar da za ta mai da mai tallar nono abokiyar gaba ba za ta je ko'ina ba.

To ina shanu a cikin wannan labari? A 1897 wani likitan dabbobi a Danmak, Bernhard Bang, ya gano ƙwayar da ke sa shanu ɓari, wato bakkalenmu. Shekara ashirin babu wanda ya haɗa ta da zazzaɓin Malta. Likitocin mutane suna nasu, likitocin dabbobi suna nasu, kowa da sunan da ya raɗa wa ƙwayarsa. Wadda ta ajiye su biyun gefe da gefe wata mace ce, Alice Evans, ma'aikaciya a sashen madara na ma'aikatar gona ta Amurka. A 1918 ta wallafa cewa ƙwayoyin nan biyu 'yan gida ɗaya ne, da ƙyar ake bambanta su, don haka ɗanyar madarar saniya ma za ta iya sa wa mutum zazzaɓi. Aka yi mata ca. Masu kamfanonin madara suka zarge ta da haɗa baki da masu sayar da injinan dafa madara, manyan masana kuma suka ce da abin gaskiya ne da wani ya riga ta gani, ga ta mace, ga shi ba ta da digirin digirgir. A 1920 wasu masu bincike suka tabbatar da maganarta, suka haɗa ƙwayoyin a ƙarƙashin suna ɗaya, Brucella, don girmama Bruce.

Ita kanta Evans ta kamu da cutar a wurin aiki a 1922, ta yi fama da ita fiye da shekara ashirin, tana tafiya tana dawowa. Abin takaici, shekaru da dama likitocinta suna ce mata tunani ne kawai ke damunta, sai da aka yi mata tiyata saboda wata lalura daban aka ga shaidar cutar a jikinta. Macen da ta fi kowa sanin cutar a zamaninta ke nan. Idan haka ta faru da ita, ba abin mamaki ba ne magidanci a ƙauye ya yi wata biyar yana cewa bayansa da ƙugunsa na ciwo, jikinsa ba ƙarfi, 'yan'uwa su fara cewa lalaci ne, ko sammu, ko iska.

A ɗakin binciken gwamnati da Evans ta koma a birnin Washington, ta yi aiki tare da Edward Francis, mutumin da ya raɗa wa wata cutar suna tularemiya a 1921. Ita wannan an fara ganin ta ne a 1911 a jikin kurege a yankin Tulare na jihar Kalifoniya, kuma mutane kan ɗauke ta wajen feɗe zomon daji ko ta cizon kaska da wasu ƙudaje, ta fito da gyambo a inda ta shiga, kaluluwa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe mutum. Su biyun sun nuna a 1926 cewa gwajin jinin ɗayar cutar kan iya nuna alamar ɗayar. Tularemiya cuta ce ta arewacin duniya, Amurka ta Arewa da Turai da sassan Asiya. Tamu ita ce 'yar'uwarta da ke cikin garke, ko da yake darasin mafarauci ɗaya ne a ko'ina: dabbar dajin da ka tsinta a mace, ko wadda ta kasa guje maka, ba nama ba ce.

A ƙasar Hausa kuwa, abin da ya fara jawo likitocin dabbobi na Turawa ba bakkale ba ne. Bushiya ce. Wajajen 1890 ta ratso ƙasashen Sudan ta yi wa garkuna kisan kiyashi, har Fulani da yawa suka wayi gari ba ko saniya ɗaya, kuma ta riƙa dawowa bayan shigowar Turawa. Don yaƙi da ita aka kafa ɗakin binciken Vom kusa da Jos a 1924, don ita aka yi gagarumin gangamin allura da aka fara a 1962, ta sake dawowa a farkon shekarun 1980, sai a 2011 aka shelanta cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Cutar da ke zubar da shanu ɗari a mako guda dole hukuma ta ji ta. Wadda ke ɗaukar maraƙi ɗaya bana, ɗaya baɗi, ba ta da mai kai ƙararta. An rubuta rahoton ɓarin shanu irin na bakkale a Najeriya tun 1927, an kuma tabbatar da cutar a jikin mutane a 1941, amma ba ta taɓa samun gangami irin na bushiya ba. Ga kuma jangali, wanda har zuwa shekarun 1970 ya koya wa makiyayi cewa duk wanda ya zo da takarda yana tambayar adadin shanu ba alheri ya kawo ba. Mutumin da ke ɓoye yawan shanunsa ba zai tsaya yana lissafa maka nawa suka yi ɓari ba.

Duk da haka cutar takan nuna kanta idan an neme ta. A shekarun 1970, bayan babban farin da ya kora garkunan Sahel zuwa kudu, an samu ɓarkewarta tsakanin shanu da mutane a yankin Ibarapa na ƙasar Yarbawa. A nan Jigawa, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya samu alamar cutar a jinin kimanin saniya huɗu cikin kowace ɗari da aka gwada. Huɗu cikin ɗari kamar kaɗan ne, amma a tuna cewa nonon garke duka a ƙwarya ɗaya yake haɗuwa, kuma saniya ɗaya da ta yi ɓari a tsakiyar garke tana zubar da ƙwayoyin da ba sa ƙirguwa, sauran su zo su lasa. Daga ɓangaren mutane kuma, wani bincike da aka yi a asibitocin Moshi a arewacin Tanzaniya, ƙasar makiyaya kamar tamu, ya gano cewa kimanin uku zuwa huɗu cikin ɗari na waɗanda aka kwantar da zazzaɓi wannan cutar ce ke damunsu, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka rubuta masa sunanta a katinsa. Yawanci maleriya aka ce.

Ga yadda take zuwa wa mutum. Bayan ƙwayar ta shiga, takan yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har wata biyu, kafin ta nuna. Zazzaɓin ya fi tashi da yamma, da dare gumi ya jiƙa shimfiɗa, da safe mutum ya ji dama dama. Ana samun kasala mai tsanani, rashin cin abinci, rama, ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, musamman ƙugu da gwiwa da ƙashin baya. Wasu maza marainansu kan kumbura su yi ciwo, abin da kunya ke hana da yawa faɗa wa likita, alhali babbar alama ce. Mai juna biyu tana iya yin ɓari. Ba ta cika kisa ba, waɗanda ke mutuwa ba su kai biyu cikin ɗari ba, galibi idan ta taɓa zuciya, amma tana iya cinye wa manomi damina guda cur yana kwance. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya, don haka babu dalilin ƙyamar mai jinya. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kamu, ƙwarya ɗaya suka sha, ko dabba ɗaya suka taɓa.

Wanda ya sha maganin maleriya, ya sha na taifot, zazzaɓi ya wuce mako biyu yana komowa, to idan ya je babban asibitin Kazaure ko na Babura, kada ya tsaya ga bayanin ciwon kawai. Ya gaya wa likita sana'arsa, ko makiyayi ne, ko mahauci, ko mai aikin kwata, ko mai sayar da fata. Ya faɗi ko wata dabba ta yi ɓari a gidan a 'yan watannin nan, da wanda ya ɗauke ɗan tayin, da irin nonon da ake sha. Zammit da Evans ba su yi wani abu da ya wuce haɗa labarin dabba da na mutum wuri ɗaya ba, kuma likitan da ke ganin marasa lafiya da yawa a yini ba zai san akuyarka ta yi ɓari ba sai ka faɗa. Akwai gwajin jini mai sauƙi da ake kira Rose Bengal, idan babu shi a wurin ana iya tura mutum ko jininsa zuwa babban asibiti a Kano ko Dutse.

Maganinta yana nan, amma yana son haƙuri. Ƙwayar tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin jinin da aikinsu kashe cuta, shi ya sa kafso na kwana biyar daga kemis yakan kwantar da zazzaɓin ne kawai, ya dawo bayan wata guda. Ana haɗa magunguna iri biyu, galibi doxycycline da rifampicin na tsawon mako shida, ko doxycycline tare da allura a makonnin farko, idan kuma ta shiga ƙashin baya akan ɗauki watanni. Mai ciki da ƙananan yara ba doxycycline ake ba su ba, akwai nasu. Kada kowa ya saya wa kansa rifampicin, domin shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka, kuma tarin fuka na ƙashin baya yana kama da wannan cuta ƙwarai, dole likita ya tantance wanne ne kafin a fara.

Batun nono kuwa, ba cewa ake a daina sha ba. Wuta tana kashe ƙwayar nan take. Madarar da aka tafasa kafin a zuba mata tsami ta kwana, kamar yadda mata da yawa ke yin kindirmo, ba ta da wannan matsala. Inda haɗarin yake shi ne madarar da aka sha da ɗuminta daga hantsa, wadda yaran ruga suka fi kowa sha, da nonon da aka bari ya yi tsami ba tare da ya ga wuta ba, da man shanun da aka kaɗe daga irinsa. Tsami yana rage ƙwayar amma ba abin dogaro ba ne. Haka madarar raƙumi da ake sha ɗanya don neman lafiya, domin raƙuma ma suna ɗaukar cutar. Nama kuwa idan ya dahu sosai ba shi da laifi, mai yanka da mai feɗewa su ne ke cikin haɗari, musamman idan akwai rauni a hannu.

Ƙofar da aka fi mantawa da ita ita ce ta haihuwar dabba. Idan akuya ko saniya ta yi ɓari, ko mabiyiya ta maƙale, hannu tsirara ake sawa, sau da yawa na uwar gida ko na yaro. A sa safar hannu, in babu a ɗaura leda mai kauri, a wanke da sabulu bayan an gama, kuma mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki. A binne ɗan tayin da mabiyiyar a rami mai zurfi, kada a jefa wa kare ya ja su cikin unguwa. A ware dabbar daga sauran har zubar da take yi ta tsaya. Al'adar nan ta kai saniyar da ta yi ɓari kasuwa a rabu da ita tana sauke wa mai ita nauyi, amma tana ɗora wa wanda ya saya, shi da garkensa da 'ya'yansa.

Mutane ba su da allurar rigakafin wannan cuta, dabbobi ne ke da ita, kuma samuwar ta shanu ma wani ɗan labari ne. A 1923 wani likitan dabbobi a Amurka, John Buck, ya ware ƙwayar daga madarar wata saniya, aka bar kwalbar a ɗakin bincike fiye da shekara guda ba a cikin sanyi ba. Da ya koma kanta sai ya tarar ƙarfinta ya ragu, ba ta cika sa cuta ba amma tana koya wa jikin saniya kare kansa. Wannan ita ce allurar S19 da har yau ake amfani da ita, kuma Vom tana cikin masu yin ta. 'Yan maruƙa mata ake yi wa, sau ɗaya, suna tsakanin wata uku zuwa takwas, ba a yi wa saniya mai ciki domin tana iya zubar da shi. Ma'aikacin dabbobi ne kaɗai ya kamata ya yi ta, saboda ƙwayar tana da rai, kuma wanda ya soki kansa da allurar bisa kuskure zai iya kamuwa. Mai garken da ya ga ɓari ya maimaitu a shanunsa sai ya fara daga ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarsa, ya nemi a ɗebi jinin shanun a gwada kafin a yi maganar allura.